The Books: masu kiɗa da muryoyin da suka tsinta a gwanjo

"Salamu alaikum Malam. Ni ɗan koyo ne a wani situdiyo a Kaduna, shekara biyu ke nan ina haɗa kiɗa a kwamfuta. Wani abokina ya turo mini kundin wasu Turawa da ake kira The Books. Na saurara na rasa gane kansa. Jita da goge suna tafiya, sai wata tsohuwa ta yi magana, sai yaro ya yi ihu, sai kuma a yi tsit. Duk da haka na kasa daina saurare. Su wane ne waɗannan mutane, yaya suke haɗa wannan abu, kuma me ya raba su? Mutum zai iya gwada irinsa a nan, ko ɓata lokaci ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta yi mini daɗi, musamman inda ka ce ka rasa gane kansa amma ka kasa daina saurare. Ni ma haka na yi da na fara jin su, kuma na daɗe kafin na gane abin da ya riƙe ni. In na fahimce ka, so kake ka san ko wannan kiɗa ne na gaske ko kwashe-kwashe ne aka zuba a tukunya ɗaya, sannan ko akwai abin da mai situdiyo irinka zai ɗauka. Tun daga nan zan faɗa maka abin da nake gani shi ne asirinsu: mu a situdiyo mun saba mu kafa kiɗa tukuna sannan mu ɗora murya a kai, su kuwa sau da yawa muryar da suka tsinta ce ke gaba, kayan kiɗa na binta a baya suna sauraronta.

Su wane ne

Mutum biyu ne kacal. Nick Zammuto Ba'amurke ne, yana kaɗa jita, yana rera waƙa, kuma a makaranta kimiyyar haɗa sinadarai da zane-zane ya karanta a kwalejin Williams da ke jihar Massachusetts. Paul de Jong mutumin Holand ne, makaɗin celo, wato babban gogen nan na Turawa da ake kafawa tsakanin gwiwoyi. A 1999 suka haɗu a birnin Niyok, a matsayin maƙwabta a bene ɗaya. De Jong ya gayyaci Zammuto cin abinci, ya kunna masa tarin sautukan da ya daɗe yana ajiyewa. A ciki har da faifan wani bawan Allah mai suna Shooby Taylor, wanda ke kwaikwayon ƙaho da bakinsa. Daga wannan zama aikin ya tashi.

Ba su zauna wuri ɗaya suka yi kundin farko ba. A 2001 Zammuto ya ɗauki jakarsa ya taka hanyar dutsen Appalachian a ƙafa, tafiyar da ta kai wajen kilomita 3,500, daga baya ya yada zango a wani ɗan gari mai suna Hot Springs a North Carolina. Aikin ya yi ta tafiya guntu-guntu, kowa na ƙara nasa. A 2002 kundin ya fito da sunan Thought for Food, a hannun wani ƙaramin kamfanin faifai na birnin Kolon a Jamus mai suna Tomlab. Ka lura da wannan: mutanen da ke kiɗa a Amurka, amma wani ɗan kamfani a Jamus ne ya fitar da su. Abin da ake nufi da masu zaman kansu ke nan. Babu babban kamfani da ya ba su kuɗi, don haka babu wanda ya isa ya ce musu waƙa ba ta da amshi.

A 2003 suka fitar da The Lemon of Pink, wanda suka haɗa a garin North Adams na Massachusetts, da muryar wata mawaƙiya, Anne Doerner. A ganina wannan ne gwaninsu, kuma da shi nake ba kowa shawara ya fara. Banjo (wani ɗan'uwan gurmi na Amurka) da celo da jita suna ta saƙa, sai ka ji sanarwar ma'aikaciyar jirgin sama ta ƙasar Japan ta shigo ta zauna daram kamar don kiɗan aka yi ta. Lost and Safe ya biyo baya a 2005. A nan Zammuto ya ƙara rera waƙa da kansa, wani lokaci yana bin muryar tsintuwar kalma bayan kalma, kuma ganga ta koma bututun roba da kayan gida. Mujallar kiɗa ta Ingila, The Wire, ta zaɓe shi kundin shekara. Ni dai na fi son su lokacin da suke barin baƙin muryoyi su yi maganar, amma wannan ra'ayina ne, kuma na san masu kunnen da ya fi nawa da suka saɓa mini.

A tsakanin nan sun yi wasu ayyuka na gefe. Ma'aikatar al'adu ta Faransa ta ba su aikin kiɗan da za a riƙa kunnawa a cikin lif na gininta a Paris, suka fitar da shi a 2006. Daga 2005 suka fara yawon wasa sosai, kuma da yake su biyu ba za su iya kaɗa duk abin da ke cikin faifai ba, sai suka kafa babban allo a bayansu, tsofaffin bidiyoyin da suka tsinta suna tafiya daidai da kiɗan. Ban taɓa zama a gabansu ba, a bidiyo kawai na ga wasan, don haka yadda ɗakin yake ɗaukar zafi ba zan ba ka shaida a kai ba.

Daga nan sai shiru na shekara biyar kafin kundi na huɗu, The Way Out, a 2010, a hannun kamfanin Temporary Residence. Yawon wasan ne ya ciyar da wannan kundi, domin duk garin da suka sauka sai sun leƙa shagunan gwanjo sun kwashi tsofaffin kasakasai: na masu koyar da kwantar da hankali, na masu sa mutum barci da magana, na na'urar ajiye saƙon waya. Akwai waƙa guda da suka gina a kan kaset ɗin wata 'yar rikodar wasan yara mai suna Talkboy, inda yaro da yarinya ke yi wa juna barazanar kisa iri-iri. Za ka yi dariya, sannan dariyar ta tsaya maka a wuya.

Inda abin ya samo asali

Ba su ne suka ƙirƙiro yin kiɗa da sautin da aka naɗa ba. Tun 1948 Pierre Schaeffer a gidan rediyon Faransa yake yanka ƙarar jirgin ƙasa yana jerawa. A 1964 Steve Reich, wani mai tsara kiɗa Ba'amurke, ya naɗi wani mai wa'azin Kirista a titin San Francisco, a 1965 ya yi ta maimaita guntuwar jimlarsa har ta rikiɗe ta zama kiɗa, kuma a 1988 ya yi Different Trains, inda kayan goge ke kwaikwayon hawa da saukar maganar mutane. Makaɗa Brian Eno da David Byrne sun yi nasu kundin a 1981 da muryoyin rediyo. Masu hip-hop kuma su ne suka mayar da yankar faifai sana'a.

Sai dai kotu ta shiga tsakani. A 1991 aka kai mawaƙin hip-hop Biz Markie ƙara a Niyok saboda ya ɗauki guntun waƙar Gilbert O'Sullivan ba izini, alƙalin ya buɗe hukuncinsa da dokar nan ta Attaura, kada ka yi sata. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ƙara ɗaure igiyar, ta ce ko ka nemi lasisi ko ka bar ɗauka, komai ƙanƙantar abin. Yankar sanannun faifai ya zama wasan masu kuɗi. The Books sun bi ta wata ƙofa: maimakon shahararrun waƙoƙi, sai suka nufi abin da mutane suka zubar. Hausawa na cewa tsintacciyar mage ba ta mage. Waɗannan mutum biyu shekara goma sha biyu suka yi suna kiwon tsintattun maguna, kuma sun kama musu ɓera.

Yadda ake ɗinkin

Mu zo kan abin da ya shafe ka. Abu na farko, magana kanta tana da karin kiɗa. Ɗauki jimla guda da wani ya faɗa, ka maimaita ta sau goma a kwamfutarka, za ka ji ta fara zama waƙa. Wata mai binciken ji, Diana Deutsch, ta nuna wannan tun 1995, kuma da zarar kunnenka ya ji jimlar a matsayin waƙa, da wuya ya koma jin ta a matsayin magana. To aikin makaɗi shi ne ya nemo waɗannan sautuka a jikin kayan kiɗansa. Celo ya dace da wannan aiki fiye da yawancin kayan kiɗa, domin tsirkiyarsa mafi kauri tana kusa da 65 Hz (ma'aunin kaurin sauti ko sirancinsa), ya hau har ya wuce muryar mace, ga shi kamar gogenmu ba shi da matakala a wuyansa. Yatsa na iya zamewa tsakanin sauti da sauti yadda murya ke yi. Fiyano ba ya iya wannan. Shi ya sa in ka ɗora magana a kan fiyanon situdiyo sai ka ji kamar an sa wa mutum takalmin da ba nasa ba.

Abu na biyu, yanka. Suna yanka jitarsu da celonsu yadda suke yanka muryar kaset. Su kaɗa, su naɗa, sannan su datse sautin tun bai gama mutuwa ba, ko su cire farkonsa, su jera guntayen. Shi ya sa kake jin jitar katako ce ta gaske, har da ƙarar yatsa a kan tsirkiya, amma tana tsalle irin wanda hannun ɗan Adam ba zai iya ba. Ta haka abin da aka kaɗa da abin da aka tsinta suka zama dangi, kunne ya kasa raba ɗan gida da baƙo. In ka bar kiɗanka sumul ka ɗora yankakkiyar murya a kai, faci zai fito fili kamar sabon ƙyalle a tsohuwar riga.

Abu na uku shi ne shirun da ka ambata. Babu gangar kwamfuta mai dukan ƙirji daga farko har ƙarshe, babu amon da ke cika kowane lungu. Sun bar fili. Muryar tsohon kaset siririya ce, ba ta da ƙasa ba ta da sama, in ka kewaye ta da kiɗa mai kauri za ta nutse. Su sai suka rage komai har ta samu wurin tsayawa.

Amma wanda ya fi duka wahala, kuma ba a ganinsa, shi ne ajiya. De Jong ma'ajin sauti ne na gaske. A saurari kaset na awa guda don a ciro daƙiƙa huɗu, a ba ta suna, a sa ta a folda inda za a same ta bayan shekara uku. Na gwada wannan da kaina. Akwai lokacin da na sayi buhun tsofaffin kasakasai wurin wani mai gyaran rediyo, na yi kusan wata biyu ina saurare da daddare. Yawancinsu shirme ne, waƙoƙin da aka kwafa daga rediyo da ƙarar iska. A cikin buhun gaba ɗaya abin da na ajiye bai kai minti biyar ba. Ɗaya daga ciki wata dattijuwa ce da ke aika saƙon murya ga ɗanta da ke Sudan, irin wasiƙar kaset da ake yi kafin wayar hannu. Tana cikin lissafa masa waɗanda suka rasu sai zakara ya yi cara a bayanta, ta dakata, ta ci gaba. Wannan dakatawar ta fi duk abin da na taɓa kaɗawa.

Kuma a kanta na tafka kuskuren da nake so ka guje wa. Na sa manhajar share ƙara na goge sautin "shhh" na kaset ɗin tas, na daidaita muryar, na ƙara mata amo. Da na kunna sai na ji wata mata ce daban, kamar mai karanta sanarwa. Ashe wannan ƙarar da na raina ita ce ɗakin da take zaune, ita ce shekarun da suka wuce. Allah ya taimake ni ban goge na asali ba. Yanzu abin da nake yi kaɗan ne: in rage gurnanin da ke ƙasa da wajen 80 Hz, in sa ɗan lanƙwasa na 'yan milisakan a bakin kowace yanka don kada ta yi ƙas, shi ke nan.

Me ya raba su

A watan Janairun 2012 Zammuto ya sanar cewa tafiyar ta ƙare. A shekarar aka tattara ayyukansu a akwati guda mai suna A Dot in Time. Zammuto, wanda a lokacin yake zaune da iyalinsa a gidan da ya gina da hannunsa a karkarar Vermont, ya kafa sabuwar ƙungiya da sunansa, da mai ganga na gaske, suka fitar da kundi a 2012 da wani a 2014. De Jong ya fitar da nasa, IF, a 2015.

Abin da zan ƙara a nan karatuna ne na mai sana'a, ka ɗauke shi a haka. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ƙungiyar mutum biyar tana iya jure rigima, domin akwai na uku da zai raba, kuma in ɗaya ya fita a nemo wani. Ta mutum biyu ba ta da wannan gata. Sannan irin wannan aiki kowace daƙiƙa shawara ce: wannan tarin da tsohon ya yi a bar shi ko a cire, kalmar ta shigo kafin bugun ko bayansa. Ka ninka wannan sau dubbai, shekara bayan shekara. Ga kuma batun abinci. Kundi huɗu cikin shekara takwas, a daidai zamanin da cinikin faifai ya karye saboda intanet, ga iyali. Wanda ya saurari abin da kowannensu ya yi bayan rabuwa zai ji inda zuciyarsa ta karkata. Zammuto ya nufi waƙa da ƙungiya mai motsi a dandamali, de Jong ya tsaya kusa da celonsa da rumbunsa. Kowanne ya yi abin kirki, amma ni ban sake jin wannan abin da ke faruwa in sun haɗu ba.

Ko za ka iya a Kaduna

Za ka iya, kuma kana da abin da su ba su da shi. Turanci ba ya bambanta kalma da karin sauti, Hausa tana yi. Kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Ma'ana duk jimlar da Bahaushe ya furta ta zo da waƙarta a ɗaure. Makaɗan kalangu sun san haka tun kafin a haifi Schaeffer, shi ya sa kalangu ke kiran sunan mutum ya waiwayo. Abin da Reich ya zauna ya gano da na'ura, mai kalangun mahauta yana yin sa kowace ranar kasuwa. Saboda haka in ka naɗi mai tallan da ke wucewa ta layinku, ko kwandastan da ke kiran Kawo, ka kai wa mai gurmi ko mai kukuma, ba sai ka yi masa dogon bayani ba. Ka ce ya bi ta kawai.

Wannan gata yana da wutsiya. In ka ja muryar Bahaushe da na'urar gyaran murya ka tilasta mata hawa inda ya kamata ta sauka, ka canja maganar, mai saurare zai ji wani abu ya karkace ko da bai san mene ne ba. Don haka kayan kiɗan za ka ɗaure su dace da muryar. Gurmi da goge suna yarda da haka cikin sauƙi.

Hanyoyin samun muryoyi uku ne a gabanka, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ɗauka daga waƙoƙin da aka riga aka fitar, ko na tsofaffin makaɗanmu ne, yana da masu shi, magada suna nan, kuma Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Ni mai haɗa sauti ne, ba lauya ba, in za ka bi nan ka nemi wanda ya san dokar kafin ka saki komai. Hanya ta biyu ita ce kasakasan gwanjo irin na The Books. A nan ma ka yi hattara, domin garuruwanmu ba kamar Amurka ba ne inda kaset zai yi tafiyar kilomita dubu ya faɗa hannun wanda bai san mai shi ba. A nan murya tana da dangi. Saƙon dattijuwar nan har yau ban sake shi ba, yana cikin kwamfutata, domin amana ce tsakanin uwa da ɗa, kuma ban samu wanda zan nemi izininsa ba. Hanya ta uku ita na fi so: ka naɗa da kanka, ka gaya wa mutum abin da za ka yi da muryarsa, in ya yarda ka ɗan ba shi na goro. Wayarka ta isa ka fara.

Akwai kuma abin da ba a taɓawa ko kusa. Karatun Alƙur'ani, kiran salla, wa'azi, kada ka kusance su da kiɗa. Ko Eno da Byrne da suka sa karatun Alƙur'ani a kundinsu na 1981, sai da suka cire shi daga bugun baya, bayan wata majalisar Musulmi ta Birtaniya ta nuna rashin yarda. Kai da ke zaune cikin jama'arka ba ka da uzurin rashin sani.

Batun kuɗi kuwa, kada in yaudare ka. Ba za a kira ka biki da wannan ba, kuma mai gidan situdiyonku ba zai bar maka kujera awa shida kana sauraron tarin wani tsoho ba. Ka riƙe aikin da ke ciyar da kai. Amma kunnen da za ka samu zai dawo maka da riba a aikin fim, tallar rediyo da shirye-shiryen murya, inda ake neman wanda ya san yadda magana da kiɗa ke zama tare ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Ni ta nan abin ya biya ni.

Ga abin da zan sa ka yi a wannan mako. Ka naɗi mutum ɗaya, da izininsa, yana ba da labari na minti goma, kakarka in tana kusa. Ka saurara sau uku da iyafis, ka ciro jimla ɗaya da ba ta wuce daƙiƙa biyar ba, har da numfashin da ya zo kafinta. Kada ka buɗe gangar kwamfuta. Ka maimaita jimlar har ka iya rera ta da baki, sannan ka nemo mai gurmi ya bi ta, ka naɗe shi a ɗakin da ba a kunna fanka ba. Abin da ya fito, ko minti ɗaya ne, ka turo mini in ji.